INJIN DA YA ƘAGA WA TALAKAWA BASHI A OSTARELIYA

 Mun gode da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka hallara. Ba za mu tsare ku da yawa ba, gama mun san akwai waɗanda ba su ƙirga cinikin yau ba tukuna.

Labarin da muka kawo muku na wata ƙasa ne mai nisa, watau Ostareliya, can ƙetaren teku, kudu maso gabas da Indiya. Wani zai ce, ina ruwan mai awon gero da Ostareliya? To, ga ruwansa. A shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙasarmu ta yi shelar za ta ba gidaje miliyan 15 taimakon naira 25,000 a wata, har wata uku. Daga baya aka ce sai an haɗa sunan mutum da lambarsa ta NIN ko BVN kafin a biya shi. Watau taimakon gwamnati ya soma barin hannun akawu, yana komawa cikin injin nan mai lissafi da a ke kira kwamfuta. Mutanen Ostareliya sun riga mu nisa a wannan hanya, sun kuwa ga abin da suka gani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

A can akwai wata ma'aikatar gwamnati, sunanta Centrelink. Ita ke biyan kuɗin taimako ga wanda ya rasa aiki, da ɗalibi marar hali, da matar da ke renon 'ya'ya ita kaɗai, da nakasasshe, da tsoho. Kuɗin daga harajin jama'a ya ke fitowa, doka kuma ita ta faɗi wanda za a ba da abin da za a ba shi. Ka'idar ita ce mako biyu-biyu a ke lissafi. Kowane mako biyu mutum zai faɗa wa ma'aikatar abin da ya samu, in ya ɗan taɓa aiki. In ya sami da yawa, a rage masa taimakon wannan mako biyun, ko a tsai da shi. In bai sami kome ba, a ba shi cikakke. Ku riƙe wannan da kyau, gama a kansa dukan maganar ta ke: abin da ya shigo hannunka cikin mako biyun nan shi doka ta ce a duba.

Akwai kuma littafi na biyu, na Ofishin Haraji. A wancan lokaci shi wannan jimla ya ke riƙewa: kamfani kaza ya biya wane dala kaza a bana. Tun da daɗewa a kan gwada littattafan nan biyu a ga ko sun yi daidai. In ba su yi ba, sai a miƙa wa wani akawu fayil ɗin. Ya zauna ya duba, ya rubuta wa kamfanin da mutumin ya yi wa aiki a aiko masa da takardun albashi ɗaya bayan ɗaya, gama doka ta ba shi ikon nema. In ya tabbata an biya mutum fiye da hakkinsa, sa'an nan ya rubuta bashi. Aiki ne mai cin lokaci, wanda duk ya taɓa aikin akawu ya sani. Wajen fayil 20,000 a ke iya dubawa a shekara.

A kasafin kuɗin shekarar 2015, sa'ad da Scott Morrison ya ke Ministan Jin Daɗin Jama'a, aka kawo sabon shiri don a tara wa baitulmali kuɗi. Daga watan Yuli 2016 aka cire akawun nan daga tsakani. Inji shi zai gwada littattafan, shi zai aika wasiƙa, shi zai yanke bashi. Kafin shekarar ta ƙare, wasiƙu wajen 20,000 a ke aikawa a mako guda, watau aikin shekara ya koma na kwana bakwai. Jama'a suka laƙaba wa abin suna Robodebt, ma'anarsa bashin mutum-mutumi.

Yanzu bari mu nuna muku lissafin injin. Ku da ke kasuwa za ku rigayi mai digiri gane inda ɓarnar ta ke. Ku ɗauki tela. Cikin azumi, har zuwa jajibere, ba ya barci, keke na kuka har asuba. Bayan Salla da mako biyu kuwa sai ya wuni yana korar ƙuda, ko facin wando babu mai kawowa. Haka mai ƙanƙara, da bazara ya ga kuɗi, da hunturu ko tambayarsa ba a yi. To, in wani ya tara abin da telan nan ya samu a shekara, ya raba daidai bisa makonni, ya ce masa ai kowane mako kana samun kaza, kowa a wurin nan ya san ƙarya ya yi masa, ko da jimlar daidai ta ke.

Abin da injin ya yi ke nan. Ga misali mun rubuta a kan allo, kuɗin kuwa dalar Ostareliya ce. A ce wani ya yi aikin wata shida, watau mako biyu-biyu sau 13, ana biyansa dala 2,000 kowane biya. Jimla dala 26,000. Sai aikin ya ƙare, ya zauna wata shida ba ko kwabo, yana karɓar taimako, yana faɗa wa ma'aikata gaskiya cewa bai sami kome ba. Bai karya doka ko ɗaya ba. Injin ya buɗe littafin haraji ya ga 26,000, ya raba gida 26, ya sami 1,000. Sai ya rubuta cewa mutumin nan yana samun dala 1,000 a kowane mako biyu na shekara, har da watannin da ya ke zaune. Saboda haka taimakon da ya ci ba hakkinsa ba ne, ya maido. Shi ke nan, bashi ya fito daga inda babu bashi.

Su wa abin ya fi faɗa wa? Mai albashin da ba ya motsi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ai ba ya neman taimako. Masu aikin yau-da-akwai-gobe-babu su ne a ciki: 'yan ƙodago, masu tsinkar 'ya'yan itace a gonaki, masu hidima a gidajen abinci, ɗaliban da ke aiki lokacin hutu. Har wa yau akwai wata ɓarnar. In ka rubuta sunan da ke bisa ƙofar kantin da ka yi wa aiki, littafin haraji kuwa yana ɗauke da sunan da kamfanin ya yi rajista da shi, injin ya kan ɗauka wurare biyu ne, ya ƙirga albashinka sau biyu. Duk wanda a cikinmu ya ke Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, ya sha jeka-ka-dawo a banki saboda haka, ya san irin wannan.

To, yaya mutum ya ji a jikinsa? Wasiƙa ce za ta zo, ta ce an ga saɓani tsakanin abin da ka faɗa da abin da ke littafin haraji, ka shiga intanet ka gyara cikin kwana 21. Saɓanin kuwa na aikin da ka yi shekara biyar ko shida da suka wuce ne. Ka nemo takardun albashinka na lokacin, alhali kuwa ita ma'aikatar a da ta shawarci mutane su ajiye irin takardun nan wata shida. Kantin da ka yi wa aiki watakila ya rufe, mai shi ya tashi daga garin. In ba ka kawo ba, lissafin inji ya tsaya. Mutane da yawa kuma aka ɗora musu tarar kashi 10 cikin 100 bisa bashin.

Ku tsaya ku dubi wannan juyi. A kasuwar nan, in wani ya zo rumfarka ya ce yana binka kuɗin buhu goma tun shekara shida, kuka je gaban Sarkin Kasuwa, wa za a ce ya kawo shaida? Mai bi. Ko yaro ya sani. A shari'ar Ostareliya ma haka abin ya ke, mai da'awar bashi shi ke tabbatar da shi. Amma shirin nan ya juya maganar: gwamnati ta ce tana binka, kai za ka nemo shaidar cewa ba ta binka. Aikin da akawu mai ikon doka ya ke yi da albashinsa, an ɗora shi a kan matar da ke goyo, ba ta da ikon tilasta wa kowa ya ba ta takarda.

Waɗansu ma ba su ga wasiƙar ba sam, gama an aika ta gidan da suka tashi tun shekaru. Farkon jin labarinsu shi ne wayar kamfanin karɓar bashi, gama gwamnati ta ɗauki 'yan kasuwa hayar bin mutane. Waɗansu sai suka ga an yanke musu taimakon da su ke ci. Waɗansu aka riƙe rarar harajin da ya kamata a maido musu a ƙarshen shekara. A da bashin irin wannan ba a binsa in ya wuce shekara shida. Daga Janairu 2017 aka soke wannan iyaka.

Wanda ya ce bari in je in yi bayani fa? Mai Binciken Koke-koke na gwamnatin, a rahotonsa na Afrilu 2017, ya sami cewa wasiƙun farko ba su ɗauke da lambar wayar sashen da ke aikin ba, ba su kuma bayyana wa mutum yadda rabon nan zai iya jawo masa bashi ba. In ka buga babbar lambar ma'aikata, layi a cike. A shekarar kuɗi ta 2016 zuwa 2017 sau miliyan 55 aka buga wa Centrelink waya aka tarad da layi a toshe. In ka tafi ofis da ƙafarka, sau da yawa a nuna maka kwamfuta a ce ka koma can. Nan ne zafin ya ke, 'yan'uwa. Mugun akawu ma kana iya tsayawa gabansa ka rantse, ka kawo maƙwabci ya shaide ka, in ya ƙi ka kai ƙara wurin na gaba da shi. Nan kuwa ba fuskar da za ka duba.

Ana cikin haka, a watan Disamba 2016, Ministan da ke riƙe da ma'aikatar, Alan Tudge, ya fito a talabijin ya ce masu bashi za a nemo su, za a bi sawunsu, sai sun biya, mai yiwuwa ma su ƙare a kurkuku. A farkon 2017 wata mata ta rubuta a jarida wahalar da ta sha da ma'aikatar a kan bashi, sai aka ɗauki bayanan da ke cikin fayil ɗinta aka miƙa wa wani ɗan jarida. Kowa ya ga haka ai ya san bakinsa. Dubban mutane suka biya, ba don sun yarda ana binsu ba. Wani tsoro ne, wani gajiya, wani kuwa cewa ya yi gwamnati da injinta ba za su yi kuskure ba, watakila ni na manta. Waɗansu suka ci bashi don su biya bashi. Waɗansu suka rantse ba za su sake neman taimako ba ko da yunwa za ta kashe su. Daga baya uwaye biyu suka tsaya gaban hukumar bincike suka ba da labarin 'ya'yansu samari, ɗaya a 2017 ɗaya a 2019, waɗanda suka kashe kansu ana cikin binsu wannan bashi.

Yanzu tambayar da ta fi kowace: shin inji ne ya yi kuskure? Mu dai mun ce bai yi ba. An ce masa ya raba da 26, ya raba da 26. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Tun a ƙarshen 2014, kafin a soma, lauyoyin Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a sun rubuta cewa rabon nan bai dace da doka ba. Duk da haka takardar da ta isa Majalisar Ministoci a 2015 ta nuna ba a bukatar sake doka. A 2017 wani malamin shari'a, Terry Carney, wanda ya yi kusan shekara 40 yana zama a kotun sauraron koke-koken masu karɓar taimako, ya yanke hukunci har sau biyar cewa bashin rabo ba bashi ba ne. Ku ji dabara. A lokacin, hukuncin wannan matakin ba a buga shi ga jama'a. In gwamnati ta ɗaukaka ƙara, a mataki na gaba sai kowa ya ji. Sai ba ta ɗaukaka ba. Ta gyara wa mutum ɗaya da ya yi ƙara, ta ci gaba da aika wa sauran wasiƙa. A shekarar nan ba a sabunta wa Carney kujerarsa ba. A 2018 kuma wani kamfanin lauyoyi da su da kansu suka ɗauka ya gaya musu magana iri ɗaya, aka bar takardarsa a matsayin zayyanar farko, ba a nemi a kammala ta ba. Ƙananan ma'aikata ma sun yi magana. Wata da ta daɗe tana aikin duba fayil ta rubuta wa shugabar ma'aikatar a 2017 cewa ana ɗora wa mutane bashin da ba su ci ba, ba a saurare ta ba.

Abin da ya karya shirin, ƙarar wata mata ce a jihar Biktoriya, da taimakon ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa hali. An ce ana binta sama da dala 2,700. Wasiƙun sun tafi tsohon gidanta, ba ta san kome ba sai da aka riƙe rarar harajinta, dala 1,700 da 'yan kai. Da ta kai ƙara, sai ma'aikatar ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko, ta nemo takardun gaskiya ta sake lissafi. Nawa ku ke tsammani ya rage? Dala 1 da santi 48. A watan Nuwamba 2019 gwamnati ta daina yanke bashi da rabo kaɗai, ranar 27 ga watan kuma Kotun Tarayya ta tabbatar, da yardar gwamnatin kanta, cewa bashin matar ba bisa doka ya ke ba.

Daga nan sai rufi ya yaye. A watan Mayu 2020 aka yi shelar za a maido wa mutane kuɗinsu. Morrison, wanda a lokacin ya zama Firayim Minista, ya ba da haƙuri a Majalisa a watan Yuni. Waɗanda aka cuta kuma sun haɗu sun kai ƙara guda, Joji Bernard Murphy ya amince da sulhunta a watan Yuni 2021, ya kira al'amarin babi na abin kunya. Ga adadin da ya fito a kotu: an ɗora wa mutum wajen 433,000 bashin dala miliyan 1,763 ba bisa doka ba, an riga an karɓe dala miliyan 751 daga hannun mutum wajen 381,000. Aka soke bashin, aka maido abin da aka karɓa, aka ƙara dala miliyan 112, ladan lauyoyi na ciki.

Da mulki ya sake hannu a 2022, aka kafa babbar hukumar bincike a ƙarƙashin wata tsohuwar babbar joji, Catherine Holmes. Ta miƙa rahotonta ranar 7 ga Yuli 2023, shafi sama da 900. Ta ce shirin ɗanyen aiki ne na rashin tausayi, babu adalci cikinsa, ba ya bisa doka, ya kuma sa mutane da yawa sun ji kamar su masu laifi ne. Ta ce Morrison ya bari an ɓad da Majalisar Ministoci. Shi kuwa ya ƙi yarda da wannan, ya kamata mu faɗa. Shirin da aka ce zai kawo wa baitulmali sama da dala miliyan 4,700, bisa lissafin hukumar hasarar dala miliyan 565 ya jawo.

Kada a ce Ostareliya kaɗai ce. A ƙasar Holan ofishin haraji ya zargi iyalai wajen 26,000 da zamba a kan kuɗin taimakon renon yara, ana sa zama ɗan ƙasa biyu cikin alamun da a ke zargi da su, har gwamnatin Mark Rutte ta sauka a Janairu 2021.

Kada kuma a fita daga nan a ce mun zagi inji. Inji ba ya karɓar goro, bai san ɗan wane ba, ba ya cewa ka dawo gobe don ka ƙi gaishe shi. Wanda kuɗi ya taɓa shigo masa ta waya ba tare da wani ya gutsuri rabinsa ba, ya san amfaninsa. Namu shirin ma na biya ne, ba mu ce ana bin kowa bashi ba. Amma aikin iri ɗaya ne, littafi biyu a ke gwadawa, in ba su yi daidai ba wani ya rasa. Saboda haka duk sa'ad da aka zo rubuta sunaye a unguwa, akwai abin da ya kamata a tambayi mai rubutun, cikin ladabi. In inji ya fid da sunana, za a gaya mini dalili? Wane ofis zan je, wane mutum zan gani? In takarduna biyu suka saɓa, wa zai nemo gaskiya, ni ko ku? Sa'an nan kowa ya duba takardunsa tun yanzu ya ga ko sunansa da shekarunsa iri ɗaya ne a cikinsu. Rasit, da ɗan saƙon da ke shigowa waya in an biya ka, kada a yar, kada a share. 

Maganar can ba ta ƙare a 2021 ba. Da abin da hukumar bincike ta tono, waɗanda aka cuta suka koma kotu, a watan Satumba 2025 gwamnati ta yarda ta ƙara biyan diyyar dala miliyan 475, shekara tara bayan fitar wasiƙun farko.

Lissafin nan yana kan allo, ba mu share ba. Wanda bai gane inda 1,000 ta fito ba ya matso kusa mu sake bi tare, mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, Shugaba zai ba shi dama.